Ruwa Safe da Yamma

Yayata ta yi shekara ashirin da ɗaya tana wanki da guga a wani ƙaramin otal. In ka ga hannunta ba sai an gaya maka sana'arta ba: sabulu ya cinye mata farce, dutsen guga ya bar mata tabo har uku. Mace ce marar surutu. Ni ce mai bakin gidanmu, ita kuwa ko taka ta ka yi, ita za ta ce maka sannu. Wannan sanyin hali nata ya sha ba ni haushi, shi ya sa abin da ta yi wa Manajan otal ɗin har gobe in na tuna sai raina ya yi fari, sannan kuma ya ɓaci.

Ɗakin wankin yana bayan otal, ƙofarsa na kallon wata baranda mai tayil inda ake jibge karyayyun kujeru. Mijinta, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Wata rana ya dawo daga tafiya da ɗan tsiro naɗe a jarida, irin shukar nan mai dogayen ganye masu kauri da ƙaya a gefe, wadda ke ajiye ruwa a jikinta. Ya ce ita kaɗai ce shukar da za ta iya zama da macen da ba ta wuni a gida. Ɗakinsu na haya ba ya samun rana, sai Yaya ta kai ta barandar, ta dasa a tukunyar ƙasa da ta saya da kanta. Bayan rasuwarsa ta koma kiran shukar Maigida. “Bari in juya Maigida ya sha rana,” in ji ta, mu yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Daga nan abin ya zame mata jaraba. Duk gidan da ta ga mai kaurin ganye sai ta roƙi ganye ɗaya tak. Ta ajiye shi a kan busasshen yashi, bakin ya warke, bayan sati biyu ka ga saiwa siririya ta leƙo. Tukwane kuwa ba ta saya. In butar shayi ta tsage ko kofi ya rasa mariƙi, Kuku, mai dafa abincin otal ɗin, ba ya jefarwa, ita yake miƙa wa. Ta huda gindin da ƙusa a hankali, ta zuba yashi da dakakken gawayi da ƙasa kaɗan. Ruwa sai bayan kwana goma, shi ma sai ta soka tsinken tsintsiya ta ga ya fito a bushe. Na taɓa ce mata rowar ruwa take musu, ta ce, “Ke dai ba ki san su ba. Za su yi wata ba ruwa suna nan garau, amma ki cika musu shi, ruɓewa za su yi.”

Sannu a hankali suka haura arba'in, wasu kamar fure, wasu kamar yatsu, wasu sun zubo kamar carbi. Baƙi suka gano wurin, suna ɗaukar hoto. Aka kwashe karyayyun kujeru aka sa tebura. Mai otal ɗin, wani dattijo da ke zaune a wani gari, in ya zo nan yake shan shayinsa, ya ce wa Yaya Allah ya yi mata albarka.

Sai aka kawo sabon Manaja. Kai, Allah ya raba mu da irinsa! Turarensa na riga shi shiga ɗaki, makullai na kaɗawa a yatsa, bai taɓa tambayar sunan Yaya ba, Mai Wanki kawai yake ce mata, alhali a haife ta haife shi. Wata biyu da zuwansa ya ba wani kamfani aikin wankin, ya ce mata ta tattara nata ya nata kafin ƙarshen sati. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in raka ta da motar ɗaukar kaya mu kwaso shukokinta.

Mun sa hannu ke nan ya fito.

“Ina za ku kai su?”

“Gida, yallaɓai. Nawa ne,” in ji Yaya.

Ya ɗaga wata buta, ya juya gindinta ya nuna mana tambarin otal. “Wannan na gidanku ne? Duk abin da ke cikin kayan otal, na otal ne.”

Na ce, “Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Kwandon shara za a kai su aka ba ta, lokacin kana goyo!” Yaya ta riƙe ni. Ta ce ta bar masa duka, ya ba ta babbar kawai, tukunyar ƙasa ce, babu tambarin kowa, kuma mijinta ne ya kawo mata. Ya ce ita ce a hoton tallan otal, ba za ta motsa ba. Sau uku ta roƙe shi, na ukun har da durƙusawa, a gaban mai gadi. Ya duba agogo ya ce mu yi sauri, baƙi na zuwa.

Sai ta ce ya bari ta share barandar na ƙarshe. Wallahi kamar in mare ta don takaici. Ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana sunkuyawa da tsintsiya. Da muka isa gida ta zazzage aljihun rigar aikinta a kan tire, sai ga ganye sun fi arba'in, ɗaya daga kowace. Na tambayi na Maigida, ta ce irinsa ba ya tashi daga ganye, sai in ya yi ɗa a gindi, kuma bana bai yi ba.

Bayan sati biyu ina zaune a ɗakinta, tana guge kayan maƙwabta, waya ta yi ƙara. Manaja ne. Ba sallama, ba gaisuwa. Ya ce mai otal zai zo da manyan baƙi nan da sati shida, ganyen wasu ya fara yamushewa, yaya ake ba su ruwa? Yaya ta kafe dutsen guga. Sannan ta ce, da muryar nan tata mai sanyi, “Safe da yamma, yallaɓai. A cika musu sosai. Kuma a sa faranti a ƙarƙashin kowace, kada ruwa ya ɓata maka tayil.”

Yana kashewa na hau ta da faɗa, mutumin da ya wulaƙanta ta shi take koya wa aiki? Ba ta kalle ni ba. “Farantin zai riƙe ruwan,” ta ce. “Daga saiwa za su fara. Sama kuma sai sheƙi, ba zai gane ba sai an gama.” Na yi tsalle na rungume ta, na ce ashe kina da zuciya! Sai kuma na tuna. Na ce, “Yaya, har Maigida fa?” Ta ce, “Sau uku na roƙe shi,” ta ci gaba da gugarta.

Kuku ne ke kawo mana labari. A sati na biyu ganye suka kumbura suna ƙyalli, Manaja na fariya wai Mai Wanki da yunwa take barin su. Yaya ta rage cin abinci. Wata safiya na same ta da waya a hannu, ta ce za ta kira shi ta ce ya tsame babbar kawai, sauran su tafi. Kafin ta danna sai ga Kuku ya biyo kan hanyarsa ta zuwa aiki, yana dariya, wai jiya Manaja ya tsaya gaban babbar yana gaya wa baƙi shi ya zo da ita daga ƙasar waje. Yaya ta ajiye wayar a kan tebur, ta ce in miƙo mata rigar da ke kan kujera.

A sati na biyar abin ya bayyana. Ganye suka yi rawaya, suka yi laushi, kana taɓawa su zube. Wari ya tashi, ƙananan ƙudaje suka cika barandar. Manaja ya ruɗe ya ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Ya kira Yaya sau tara a wuni ɗaya, tana kallon wayar har kiran ya katse. Ranar da mai otal ya zo da baƙinsa, ya ɗaga wata buta zai nuna musu, shukar ta sulale ta faɗi a kan takalminsa. Ya tambaya ina matar da ke kula da su. Kuku, Allah ya saka masa, ya zayyana komai, har durƙuson da ta yi. Kafin sati ya zagayo an karɓe makullai daga hannun Manaja. Ni kam na yi murna, ban ɓoye ba, har rawa na taka a tsakar ɗaki.

Mai otal ya aiko a ce Yaya ta dawo. Ta je, amma ba aiki ta koma ba. Ta rungumo tukunyar ƙasarta ta kawo gida, ta shimfiɗa jarida a 'yar barandar ɗakin da take haya yanzu, kusa da tiren da ganyen nan suka fara tsira. Ta zare Maigida daga ƙasa, ta sa wuƙa tana yanka daga gindi, tana neman inda ya rage da ƙwari. Ta yanka, baƙi. Ta ƙara sama, baƙi. Har tsakiyar zuciyarsa ruwa ne kawai ke tsiyaya a yatsunta.

Na ce, “Allah ya isa tsakaninki da Manaja.”

Ta ce, “Bar shi. Shi bai san komai ba, abin da na gaya masa ya yi. Ni na san kwana nawa zai ɗauka, kuma ina ƙirgawa.”

Yau shekara biyu ke nan. Shukokin sun dawo, sun cika barandarta, duk kwana goma tana bin su da tsinken tsintsiya. Tukunyar ƙasar tana tsakiyarsu a wanke, babu komai a ciki. Na sha kawo mata irin shukar daga kasuwa, sai ta karɓa ta yi godiya ta dasa a wata tukunya daban.