Turancin da na tsinta a falonmu

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Taraba ba, aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki daga Yola zuwa Jalingo, muka kama haya a Sintali. Ina aji huɗu na sakandare a lokacin, kuma in gaya muku gaskiya, kaina rawa yake yi da Turanci. Ba wai na iya ba ne. Malaminmu ne ya koya mana wata dabara da ta sa nake ganin na fi kowa. Yakan ce kada mu riƙa rugawa wajen ƙamus duk sanda muka haɗu da baƙuwar kalma. Mu dubi abin da aka faɗa kafinta da bayanta, mu dubi wanda ya faɗa da yadda ya faɗa, ma'anar za ta fito da kanta.

Dabarar ta yi mini daɗi, don dama gidanmu babu ƙamus. Har labaran rediyo nake fassara wa mahaifiyata, wadda muke kira Dada. Rabi na ji, rabi na cika da kaina. Na taɓa gaya mata wai gwamnati ta narkar da shugabannin ƙananan hukumomi, saboda kalmar da mai labarai ya faɗa ita ce muke amfani da ita a aji idan gishiri ya narke a ruwa. Dada ta dafe ƙirji ta ce, "A wuta?" Sai da mahaifina ya dawo ya ce sauke su aka yi kawai.

Wata Asabar da rana mahaifina ya shigo da baƙuwa. Dattijuwa ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya, kanta duk furfura. Ita ma aiki ne ya kawo ta Jalingo, suka yi kiciɓis a kasuwa, ashe sun san juna tun kafin in yi wayo. Dada tana bayan gida tana tuƙa tuwo, ta ba ni kunun zaƙi ta ce in kai falo.

Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata kofi. Ba ta karɓa ba. Kallona kawai take yi, bakinta a buɗe, har hannuna ya fara gajiya. Can ta juya wajen mahaifina, da irin Hausar nan tamu ta Jalingo da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Wannan shi ne yarinyan?"

Ya ce, "Ita ce."

Ta ce, "Allah mai iko! Ya girma." Sai idonta ya cika da ƙwalla, ta koma Turanci, kamar yadda manya suke yi idan ba sa son yaro ya ji. Har yau ina iya maimaita abin da ta faɗa: "She is a carbon copy of her biological mother. May her soul rest in peace."

Mahaifina ya yi zumbur kamar an taka shi. Ya rage murya ya ce mata, "She doesn't know." Sannan ya dube ni ya ce, "Ajiye kofin, je ki taya Dadarki aiki."

Kun san abin dariya? Da murmushina na fita. Na ji an ambaci uwa, na ji wani abu mai kama da bayoloji, darasin da na fi so a makaranta, sai na ɗauka yabona ake yi. Na ce wataƙila cewa take yi zan zama babbar malamar bayoloji. Har na fara shirya yadda zan fassara wa Dada.

A tsakar gida na tsaya, don maganar ta ƙi zama daidai a kaina. Na fara kwance ta ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mana. Kabon dai na san shi, baƙar takardar nan ce da masu buga tafireta a ofishin mahaifina suke sakawa a tsakani don rubutu ya fito sau biyu iri ɗaya. Ke nan cewa ta yi na yi kama da wata sak. To da wa? Dada gajera ce, baƙa, mai jiki. Ni doguwa ce, siririya, mai haske. Ba a taɓa cewa muna kama ba, ko da wasa.

Sai addu'ar ƙarshen. Ita ma na san ta, a sanarwar rasuwa nake jin ta a rediyo. Ba a yi wa mai rai. Ga Dada can ina hango bayanta, tana ta fama da muciya.

Saura kalma ɗaya, wadda aka jingina wa uwa. Na tambayi kaina, me muke karantawa a bayoloji? Jini, haihuwa, yadda ɗa yake gado kamannin iyayensa. Kuma me zai sa a ƙara wa uwa wata kalma, in ba don akwai wata uwar da ba ita ba? Ga kuma mahaifina ya ce ban sani ba.

Na zauna a kan turmi, kunnuwana suna ƙara. Dada ta waiwayo ta ce, "Ke lafiya? Baƙuwar ta sha kunun?" Na ce ta sha. Na dubi fuskar nan da na sani tun ban san kaina ba, na ji kamar yau na fara ganin ta.

Da baƙuwar ta tafi, mahaifina ya kira ni. Yana ta goge gilashinsa, ba ya kallona. Ya ce, "Kin ji abin da take faɗa ɗazu?" Na ce, "A'a Baba, Turancinta ya yi sauri." Ya sauke numfashi, ya ce in tafi. Wannan numfashin ne ya ƙarasa ni, don da babu komai, da bai tambaya ba.

Na yi kwanaki ina yawo da abin a cikina. Abinci ba ya shiga. Ina kallon ƙannena ina neman hancina a fuskokinsu. Ƙawata ta makaranta, 'yar Mumuye da ke zaune a Yelwa, ita kaɗai na gaya wa, ina fatan ta ce na yi kuskure kamar yadda na saba. Ta sa na maimaita mata maganar, sannan ta ce, "Kai, ƙawata, ni ma haka na ji shi. Amma kar ka mutu da shi a ciki. Tambayi mamanka."

Ban iya tambaya ba. Dada ce ta tare ni. Wata rana da la'asar tana yi mini kitso, kaina a kan cinyarta, ta ce, "Tun ranar da matar nan ta zo kika daina kallona a ido. Ni ba na jin Turanci, amma na san 'yata. Me ta ce?"

Na fashe da kuka. Da ƙyar na ce, "Dada, wace ce ta haife ni?"

Hannunta ya tsaya cak a cikin gashina. Ta jira har aka kira ƙannena a waje, suka amsa suka fita.

Ta ce, "Ƙanwata ce. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ita ce matar babanku ta fari." Ta ja numfashi. "An aiko mini ta fara naƙuda, na ɗauro kayana zan zo in yi mata wankan jego. Motarmu ta lalace a hanya. Da na iso, sai na tarar an rufe ta da zane, ke kuma kina hannun matar nan kina tsala kuka. Jini ne ya ƙi tsayawa. Na karɓe ki, ban ƙara ajiye ki ba. Lokacin aurena ya mutu, ban haihu ba. Da kika fara tafiya, dangi suka ce in zauna a ɗakinta, na zauna."

Na ce, "Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ta ce, "Ni na hana. Na roƙi babanku, na roƙi dangi kaf. Ba na so wani ya dube ki ya ce marainiya. Kullum sai in ce bari ki ƙara girma." Ta shafa kaina. "Ƙosan sadakar da nake ba ki ki raba duk azumi, in ce ki yi wa ƙanwata addu'a, wa kike tsammani nake sa ki yi wa?"

Muka yi kuka har muka gaji. Sannan ta share ido da bakin zane, ta danna kaina ƙasa ta ce, "Kwanta in ƙarasa, ba za ki je makaranta da rabin kai ba."

Bayan 'yan kwanaki ta dafa abinci ta zuba a kwano, ta ce in kai wa dattijuwar nan. Ta ce, "Ki tambaye ta duk abin da kike so. Ita ce ta riƙe mata hannu, ni ban samu ba."

Matar ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce bakinta ne ya riga ta. Tambaya ɗaya na yi mata. Na ce, "Mama, ta gan ni kuwa?"

Ta ce, "Ya gan ki. Na ɗora ki a ƙirjinshi. Ya buɗe hannunki yana duba, ya yi dariya, ya ce yatsunki dogo kamar nashi."

Yanzu na girme wa wadda ta haife ni da shekaru masu yawa, Dada kuma ta tsufa, tana ɗakin da ke kusa da nawa. Ban taɓa jin haushin kowa a cikinsu ba, sai dai na daɗe ina mamakin yadda gida guda, da dangi guda, suka riƙe magana shekara da shekaru, ta zo ta fita a numfashi ɗaya saboda an ɗauka yarinya ba ta ji. Shi ya sa ba na canza harshe a gaban 'ya'yana. In magana ba ta su ba ce, sai in bari su fita.

Ba ni da hoton wadda ta haife ni, ba a ɗauka ba. Amma wani lokacin ina alwala sai in tsaya ina kallon yatsuna, har ruwan butar ya ƙare.