Karan Awon Baba Markus

Daga gida zuwa Kano

Ana idar da sallar asuba na saɓa jakata na nufi tasha. Hanyar Dubai ba baƙuwata ba ce, na daɗe ina saro takalma a kasuwar Naif da ke can. Sai dai wannan karon akwai saƙon da ya tsaya mini a rai: karan dawa guda ɗaya, an karya shi uku an ɗaure da zare.

Mai saƙon shi ne Baba Markus kafinta, maƙwabcinmu katanga ɗaya. Duk Kiristan da ya rasu a garinmu tun kafin a haife ni, shi ya yi masa akwati. Makarar masallacinmu ma aikinsa ce, haka allon da na fara karatu da shi. Yanzu tsufa ya kama shi, ido ya tafi, ƙafa ta kumbura, asibiti sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Ɗansa namiji ɗaya ne, Ishaya, abokina na ƙuruciya, kuma sun fi shekara goma ba su ga juna ba. Baram-baram suka rabu, ranar da Ishaya ya ce shi ba zai gaji sana'ar jiran mutuwar mutane ba. Ya tafi Dubai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A waya gaisuwa kawai suke yi, kowa ya ƙi sauke kai, mu kuma muna tsoron tsohon zai tafi bai sake jin ɗumin ɗansa ba.

Ana gobe zan tashi Baba Markus ya sa aka kira ni. Ya miƙe a tabarma, ya ce in auna shi da kara daga kai zuwa diddige, yadda ake auna mamaci kafin a haƙa kabari. Na auna shi.

"Habu, na ji abokin naka ya bar gyaran sanyi, wai yanzu akwatin gawa yake nomawa kamar rogo. Kai masa wannan, ka ce ina son nawa."

"Baba, ba sai mu faɗa masa a waya ba?"

"Awo ba ya shiga waya," in ji shi.

Motarmu ta bi ta Ningi, muka karya da ƙosai a Birnin Kudu, kafin azahar muna Kano. A filin jirgi jami'in da ke duba kaya ya zaro karan yana juya shi.

"Alhaji, rake ya ƙare a can ne?"

Na ce awon mutum ne. Nan take fara'arsa ta ɗauke, ya ce, "Allah ya jiƙansa." Na ce ai yana raye, shi ya aiko ni. Ya dube ni, ya dubi karan, ya mayar da shi jaka da hannu biyu.

Naif

Mun yada zango a Addis Ababa, gari na wayewa muka sauka Dubai. Na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Al Rigga na canji kuɗi, sannan na ƙarasa masaukin da na saba a Naif, inda mu huɗu muke raba ɗaki. Na ci shinkafa da kaza a shagon wani mutumin Pakistan, na kora da shayinsu mai kauri. Kwana biyu na yi ina zagaya lunguna ina cinikin takalma, amma hankalina ba ya wurin. Alhaji Sule, wani ɗan Kano mai harkar kago da ke tura mana kaya, ya hangi karan a jakata.

"Wannan ma a kwantena za a sa? Yalla, maza kawo a naɗe da leda!"

Da na ba shi labari sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, ka bar takalman a hannuna. Ka tafi garin Hatta gobe wurin abokin naka."

Hatta

Da hantsi na hau bas. Dogayen benaye suka ƙare, rairayi ya karɓe mu, daga baya duwatsu suka taso jajaye, tsirara, ko ciyawa babu. Sai suka tuna mini duwatsun bayan garinmu inda ni da Ishaya muke harbin tsuntsaye da danƙo, sai dai namu da damina kore shar suke. Na ji kewar wancan zamanin ta kama ni.

Ishaya na jirana a tasha. Furfura ta ɓata masa gemu, tumbi ya fito.

"Habu ɗan Inna! Har yanzu kana tsoron kare?"

"Kai kuma har yanzu kana satar gyaɗar mutane?"

Muka rungume juna muna dariya, kowa na ɓoye idonsa.

Wurin aikinsa wata rumfa ce mai sanyi a ƙarshen gonar dabino. Yana buɗe ƙofa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko ya buge ni. Ya nuna mini yadda suke yi. Dusar katako da niƙaƙƙen ganyen dabino ake jiƙawa, a cakuɗa da irin naman kaza, tsiron nan mai kamar laima da ke fitowa da damina, wato farar saiwar nan tasa mai kama da auduga, a danna cikin wani mazubi mai siffar akwati. Cikin mako guda saiwar ta bi ko'ina ta ɗinke shi, sai a busar. Ba ƙusa, ba fenti. Idan an binne mutum a ciki, danshi na taɓa shi sai ya fara narkewa, shi da mai shi su zama ƙasa tare.

Na taɓa wanda aka gama. Fari ne, da laushi kamar bayan ɗan rago, ga shi ba nauyi.

"Mu da likkafani muka riga ku," na ce.

"Na sani, mutumina. Turawa sai da suka sha dogon bincike kafin su iso inda kakarka take."

Muka zauna a bakin akwatin muna tuna shagon Baba. Can muke wasan ɓuya, mu shige akwatunan da ba a gama ba mu ja murfi. Ranar da Innata ta gano, da muciya ta bi mu har bakin rafi, Baba Markus na tsaye da zarto yana dariya har da hawaye. Ishaya ya ce aikin sanyin ne ya kawo shi rumfar nan, mai wurin ya ga hannunsa ya san katako, ya riƙe shi. Kunya ta hana Ishaya faɗa wa tsohon cewa sana'ar da ya guda da ita yake ci.

Sai na kwance zaren, na jera guntayen karan uku a ƙasa, na isar da saƙo.

Ishaya ya durƙusa. Ya bi karan da tafin hannu tun daga wannan baki har wancan.

"Baba ya rage tsawo," in ji shi.

Na ce idan ya gama, Alhaji Sule zai san yadda za a tura.

Ya girgiza kai. "Ba ka gane ba, Habu. A shagonmu ba a aika akwati. Wanda ya karɓi awo, shi ke kai aikin gidan da ƙafarsa, ya tsaya har a rufe. Tun ina yaro haka dokarsa take. Ba akwati yake nema ba."

Da ya nemi izinin zuwa gida, mai wurin ya ce oda ta yi yawa, idan Ishaya ya wuce wata guda sai dai a ɗauki wani. Ishaya ya ce ya ji, ya cire rigar aiki ya rataye.

Komawa gida

Bayan kwana uku muka taso tare. Bai ɗauko akwati ba. Ya ce ana samun irin naman kaza a Jos, dusar katako kuwa ta shekara da shekaru tana nan jibge a shagon Baba. Daga Kano zuwa gida bai yi magana mai tsawo ba, sai dai duk garin da muka wuce ya faɗi sunansa a hankali.

Da la'asar muka shiga gidan. Tsohon na kwance a inda na bar shi. Ishaya ya tsuguna ya ce, "Baba, na karɓi awo."

Baba Markus ya laluba ya kama fuskarsa, ya shafa gemun, ya daɗe bai saki ba.

"Wannan abin naku, kwana nawa yake yi kafin ya nuna?"

"Mako guda, Baba."

"Ashe gaggawa kuka koya a can. A shagona ba a aikin gaggawa. Ka bi shi a hankali, ko zuwa kaka ne, ina jira."

Na zame na bar su, na shiga gida na yi alwala. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Sule da ya kula da kayana. Washegari da safe, ta kan katanga, na ji ana share shagon.