Ranar da Baffa Ya Yanka Ragar Babanmu

Wata safiyar Laraba, cikin sanyin shekarar da nake aji huɗu, na tarar da Baffa Sani, ƙanen babanmu, tsaye cikin ruwa har gwiwa a fadamarmu ta bayan Warra, yana yanka ragar Baba da wuƙa. Agwagin ruwan da ragar ta kama suna ta ficewa, ni kuwa na ƙame da gwangwanin korar tsuntsaye a hannu.

A gidanmu tsuntsu abokin gaba ne. Da sanyi ya shigo, shinkafa ta nuna, sai su sauko mana garke-garke daga inda ba mu sani ba. Kafin makaranta mukan fita da yayyena, ƙafa ta tsage, leɓe ya bushe, mu yi ta kaɗa gwangwani da harba danƙo har murya ta dushe. Inna takan ce, "Abin da suka ci da safe, ku za ku rasa shi da dare." Ragar nan Baba ya saƙa ta da hannunsa, ita ke tsare gona, ita ke sa mana nama a miya.

Baffa malamin makaranta ne a birni. Hutu yake zuwa da madubin hangen nesa a wuya, ya zauna bakin tafki ya wuni yana kallon abin da ke cinye mu. Wai baƙi ne, sun ƙetaro hamada, a tausaya musu. A safiyar nan, da Baba ya iso ya ga ragar, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sani, su sun ƙetaro hamada, 'ya'yana kuwa ina za su ƙetara?" Cikin kwanakin da aka yi ana ɗinkin ragar, tsuntsaye suka kwashe gefen gonar kakaf. Dawa muka ci har damina, kuma Baba bai sake cin abinci kwano ɗaya da ƙanensa ba har ya rasu.

Yanzu fadamar injin ban ruwa ke ƙara a cikinta, agwagin sun yi ƙaranci, yara ba su fita asuba. Baffa ya tsufa, idonsa ya mutu, nakan kai masa gaisuwa don zumunci kawai. Ban yafe masa ba. Amma da sanyi ya kama, sai in ji ina ɗaga kai sama, ina nema.