Maɓallin da Ya Faɗa Ƙasan Allo

Ni ne da laifi, kuma na san haka tun kafin bakina ya yarda ya faɗa.

Wani ƙaramin asibiti a wajen Sandamu ya ba ni aikin haɗa manhajar rubuta sunayen mata masu zuwa awo. Iyakata sakandare, sauran a shagona na buga takardu a Daura na koya wa kaina. Kowane akwatin rubutu, kowane maɓalli, da hannu nake dasa shi. In auna tazararsa daga hagu, in auna daga sama, in rubuta lambar.

Taubashiyata, 'yar kawuna da ta karanci kwamfuta, ta biyo ta shagon ta leƙa aikin.

"Kai har yanzu da igiya kake awon gona?" in ji ta. "Akwai tsarin da ke jera su. Ka ce wannan layin farko, wannan na biyu, shi zai raba musu wuri. In allo ya ƙanƙance su matsa da kansu."

Na ce, "Ke a aji aka ɗura miki. Ni inji ba zai zaɓar mini inda zan sa kayana ba."

"To, Allah ya sa da allonka za su tafi."

Ranar awo aka kira ni. Allon kwamfutar asibitin bai kai nawa girma ba, maɓallin ajiyewa da na dasa can ƙasa ya ɓace. Ma'aikaciyar jinya ta cike suna ta rasa inda za ta danna. Mata na zaune a benci tun safe, wasu a babur aka kawo su daga ƙauye. Ko a nan ban sauko ba, na ce allonsu ne ba shi da kyau. Ta dube ni, ta jawo tsohon littafinta da biro. Shugaban asibitin ya ce mako guda ya ba ni, ko a ba wani aikin.

Kwana uku ina canja lambobi. In ɗaga maɓallin, ya hau kan akwatin shekaru. In matsar da akwatin, suna ya yanke.

Har yau ina cewa a allona jerin da na yi ya fi kyau, wannan kam ba zan janye ba. Amma ba a shagona ake awo ba. Bayan la'asar na ɗauki kwamfutata na tafi gidan kawu, na sami taubashiyar tawa tana tsince shinkafa.

"Ango, lafiya?" Haka take tsokanata tun muna yara.

Na zauna a bakin tabarma, na ce, "Ki yi haƙuri. Na raina ki, kuma ke ce da gaskiya. Zo ki nuna mini."