Matar da Ke Komawa Ƙarshen Layi

A bencin asibitin unguwa, wata tela da ta kawo mahaifiyarta awon hawan jini ta kasa ɗauke ido daga dattijuwar da ke gabansu a layi. Furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali, takalminta ya sha tafiya, kuma ba ta yi kama da marar lafiya ba. Kowa sai ta ja shi da hira: daga ina aka taso, wa aka bar wa yara.

"Baiwar Allah, ke me ke damunki?" in ji tela.

"Wannan jiran naku," ta ce tana murmushi.

Ma'aikaciyar jinya ta raɗa wa tela: "Farfesa ce fa. Ta tsufa tana binciken abin da ke sa talaka ya riga mai hali mutuwa. Rubutunta ne ya sa aka kawo maganin tsofaffi nan, aka hutar da su zuwa babban asibiti."

Tela ta dubi mahaifiyarta, wadda bara ta suma a hanyar can.

Da layi ya zo kan Farfesa, sai ta miƙe ta ce, "Inna, shiga." Ta koma ƙarshen benci, ta gyara zama kusa da wani sabon zuwa.

"Baba, daga ina aka taso?"