Ciwon da Inna Ta Ce Daga Wata Ya Zo

Ina sabon malamin firamare lokacin da Amurkawa suka sauka a kan wata. A gidanmu na Ƙofar Kware ni kaɗai ke jin Turancin rediyo, saboda haka duk abin da ya faru a duniya ta bakina yake shigowa gida.

Wata rana da la'asar Inna, mahaifiyata, tana tsince shinkafa tare da maƙwabta biyu, na ba su labarin cewa da mutanen suka dawo ba a bar su sun gaisa da iyalinsu ba. An killace su makonni a wani ɗaki mai taga ta gilashi.

"Laifin mi sunka yi?" in ji Inna.

Na ce ba laifi ba ne, tsoro ake kada su kwaso ƙwayoyin cuta daga can. Da na ga sun ajiye faifai suna saurare, sai daɗin baki ya ɗebe ni. Na ce in irin wannan cuta ta shigo duniya, babu likitan da ya san ta, babu magani, tafasa ruwa ma ba lallai ya kashe ta ba. Daga baya rediyo ya ce ba a sami komai a jikinsu ba. Na faɗa a gida, amma ranar kowa na harkarsa.

An yi kusan shekara biyu. Yaƙin basasa ya ƙare, soja na mulki, ana ta zancen kuɗin man fetur. An jibge bututun famfo a bakin titinmu ba a binne ba, mu kuwa muna shan rijiya da ruwan 'yan garuwa. Sai amai da gudawa ya shigo gari. Mutum zai fita kasuwa da safe da ƙafarsa, kafin azahar idonsa ya faɗa ciki.

Motar lasifika ta zaga tana cewa a tafasa ruwan sha. Na sayo itace na kai wa Inna. Baba yana ƙauye wajen sayen gero.

"Rijiyag ga kakanka ya sha ta har ya tsufa," ta ce. "Wanga ciwo ba na ruwa ba na. Shi na wanda sunka ɗauko daga wata."

"Inna, ba su ɗauko komai ba. Wannan tsohon ciwo ne, an san shi, ana warkewa."

"Kai da bakinka ka ce ba shi da magani."

Na yi bayani, na maimaita. Na aro littafi daga makaranta na nuna mata hoton ƙwayar. Ta duba da kyau, don ba ta taɓa raina karatuna ba, ta ce to yaya aka yi duk tsawon rayuwarta ba ta ga irinsa ba sai bayan an taka wata. Na tafasa ruwa da kaina na cika randa guda. Ta ce yana ɗanɗanon hayaƙi, ta bar mana.

Ranar Talata ta je wankan gawar ƙawarta, ɗaya daga cikin matan da suka ji labarina. Ranar Alhamis da hantsi aka aiko makaranta a kira ni.

Na tarar da ita kwance a tabarma, yayata tana riƙe da kanta. Na ce a tafi asibiti, ta ƙi. Ta ji an ce masu ciwon ana ware su a rumfa, ba a barin dangi kusa.

"Kulle ni za su yi awa mutanen nan naka na wata. Bar ni ɗakina."

Na durƙusa ina roƙonta. Yayata ta ce mini, "Kada ka ɗaga mata murya." Ba mu iya ɗaukarta ba sai bayan azahar, da ƙarfin musu ya ƙare mata. Wani mai a-kori-kura da ke dakon hatsin Baba ya kai mu.

Mutane na kwance har gindin itatuwa, an rataye robobin ƙarin ruwa a rassa. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya nemi jijiya a hannunta na dama, ya koma na hagu, ya gwada ƙafa. Ya ce da mun zo da safe. Ban san dalili ba, sai na ji ina tambayarsa daga ina ciwon ya fito.

"Malam, riƙe mini hannunta," ya ce.

Na riƙe. Fatar ta yi sanyi, in an ja ta ba ta komawa. Ta cika kafin la'asar sakaliya.

Baba ya iso washegari, an riga an rufe ta. A zaman makoki ina jin mata ta bayan zana suna cewa ciwon wata ne, ɗanta mai ilimi ma ya faɗa tun tuni. Yayata ta leƙo ta dube ni, ko zan tashi in yi magana. Ban tashi ba.

Bayan addu'ar bakwai na koma aji. Cikin ɗalibaina biyar da ba su zo ba ranar, uku ne suka dawo a mako na gaba.