Awa Takwas a Takarda

Ka taɓa ganin mutumin da aka ce ya huta, ya ɗauki maganar a matsayin barazana? Ni na gani. Yayana ne, kuma taku huɗu ne tsakanin teburina da nasa.

Dogo ake ce masa tun yana yaro. Shekara tara ya yi a bayan kanta a shagon magani kafin ya buɗe kamfaninsa na kai magani gida-gida. Da babur biyu ya fara, da ɗaki mai taga ɗaya, da ni mai amsa waya. A shekara ta uku babura suka kai goma sha huɗu, sai ga wata mata mai zuba jari a ƙananan kamfanoni. Uwar Jari muke kiranta a bayan idonta.

Sharaɗinta ba irin na sauran ba ne. Duk Litinin Dogo zai cike takarda: awa nawa yake barci, sau nawa ya ci abinci da iyalinsa. In barcin ya gaza awa shida mako uku a jere, za ta turo manaja ya riƙe kamfanin wata guda, shi kuma ya tafi gida.

"Mutum biyu na zuba wa jari, ƙarshe a asibiti na same su," in ji ta. "Ba na son na uku."

Dogo ya yi murmushi ya sa hannu. Tana fita ya juyo gare ni.

"Kin ji ko? Wani a kujerata wata guda. Wa kika taɓa gani ya zauna ya tashi?"

"Yaya, hutu fa ta ce."

"Haka suke kiransa."

Tun daga ranar, awa takwas na barci yake rubutawa. Takarda arba'in da ɗaya na ƙirga, duk takwas. Kofin shayi kuwa bakwai yake sha kafin azahar, in ya miƙe sai ya dafa bango. Matarsa ta taɓa ce min, "In kin je ofis ki gaida mana yayanki, ki ce yaran suna nan, sun ƙara tsawo."

Na ce masa, "Ko sau ɗaya ka rubuta bakwai mana, ƙaryar ta yi kama da gaskiya."

"Ke dai amsa wayarki, Malama Ƙididdiga."

Uwar Jari ta ji daɗin takardunsa, har misali take bayarwa da shi.

Wata Laraba da hantsi ya zube a matakala ta tara ta benen ofis, da kwalin magani a hannunsa. Likita ya ce hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin dama. Manaja ya zo. Wata guda ya zama bakwai. Mutumin kirki ne, bai ƙwace komai ba, sunan Dogo na nan a ƙofa. Dogon ne ba ya iya riƙe biro, balle ya hau matakala ashirin da biyu.

Uwar Jari takan zo gaishe shi, ta zauna minti goma ta tafi. Rannan a ƙofar gida ta gaya min masu kamfani goma sha ɗaya ke cike mata takardar nan, tara a cikinsu takwas suke rubutawa. Ba ta san me za ta sa a madadinta ba. Ni ma ban sani ba.

In kana da irinsa a gida, kada ka tambaye shi komai. Je ka yini a ofishinsa, ka ƙirga sau nawa yake dafa bango in ya miƙe, sannan ka faɗa masa adadin. Da wuya ya saurare ka. Gwada dai.